Ranar da Na Wanke Cikina

Ranar Asabar ce, ƴan kwanaki bayan Sallar Layya, a shekarar da haƙoran gabana suka zube. Lambar shekarar kada ku tambaye ni, ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ranar kam ko daga barci aka tashe ni zan faɗi inda kowane kwano yake a tsakar gidanmu. Hantsi ya ɗaga, ƙaurin kitsen raguna bai gama barin unguwa ba. Inna ta jiƙa farar rigar Baba ta Sallah a babban daro a bayan madafa, ta tsiyaya mata ruwan zabel, wannan ruwa mai wari da ake sayowa a kwalba daga Babbar Kasuwa, wanda ke mai da tufa fari fat. Ta shiga ɗaki don ta ba ƙanena nono. Ni kuwa na lallaɓa na ɗauko ludayin fura, na durƙusa a gaban daron, na ture hannun rigar gefe, na ɗebo ruwan. Na yi bisimilla kamar yadda aka koya mini, na kafa kai. Na ji kamar an cusa mini garwashi a maƙogwaro, hawaye suka zubo, amma na sake ɗebowa, don ni a ganina magani nake sha, magani kuwa ba a san shi da daɗi ba. Sai na ji ƙara a bayana, irin wadda ban taɓa ji ba:

"Habsu!"

Wallahi ba zafin ruwan ne ya kayar da ludayin daga hannuna ba, sunan ne. Ni ɗiyar fari ce, uwata kuma mutuniyar Maraɗi ce ta asali, mai kunyar ɗan fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan", in ta ji daɗina ƙwarai ta ce "ƴar tsohuwa". Na waiwaya ina neman wace baƙuwa ce ta shigo mana, sai na ga Inna a tsaye, ɗankwali ya faɗi, jariri na rataye a hannu ɗaya, bakinta a buɗe kamar ita ma ta tsorata da abin da ya fito daga cikinsa.

To, bari in koma baya kaɗan, don kada ku ɗauka mahaukaciyar yarinya ce. Hankalina garau yake, har ma ya fi na ƴan uwana yawa, shi ne ma ya ja mini.

Muna haya ne a wani gidan ƙasa kusa da kasuwar Katako a Yamai, inda Baba ke sayar da katako da azara. Gidan na wani Bazabarme ne, shi da matarsa Gambi suna ɓangaren gabas, mu muna yamma, rijiya da bishiyar darbejiya a tsakani. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar Baba, ban kuma koma ɗakin Inna ba. A tabarmar Kaka nake kwana, a akushinta nake ci. Ita ce ta koya mini tsince tsakuwa daga shinkafa da ɗaura zane, da yadda ake ɗora tulu a kan gammo a taho da shi daga kogin Isa ba tare da an jiƙa baya ba. Da safe mu je Katako mu kwaso garin katako a tsohon buhu don hura wuta, masu zarto suna tsokanar ta tana rama musu ɗaya bayan ɗaya. Tana da ƴar garka a bakin kogi, kuɓewa da yakuwa da ɗan barkono, aikina a can korar awaki da kama fara. Da rana ta zauna kaɗin auduga, ta shafa alli a yatsu, mazari na juyawa a kan tasa, ni ina gefe ina gina ɗiyan laka ko ina carafke da tsakuwoyi. "Ƙawata" take ce mini. In Inna ta aiko a kira ni, sai ta ce, "Ku ce mata ƙawata na aiki, ba ta da sukunin ganin talakawa."

A gidanmu, da ma duk gidajen da na sani, yaro ba ya jin komai sai yunwa da barci da ciwon ciki. In ka yi kuka a ce yunwa ce, a tura maka tuwo. In ka ƙi ci a ce barci ne. In ka ƙi barci a ce tsutsar ciki ce, a jiƙa maka saiwa mai ɗaci a toshe maka hanci. In duk an yi ba ka daina ba, to fitina ce, ita kuma maganinta tsumagiya. Sauran abubuwan da ke tashi a ƙirjin mutum na manya ne, su ma ba sa faɗa a gabanmu sai dai mu tsinta a bakin rijiya.

Kaka tana da auta, Baffa Ilu, saurayi mai dariya da yawa, wanda ke bin jiragen ruwa masu kawo kabewa Yamai. Wata shekara da kogi ya cika, jirginsu ya kife. An samu wasu, shi ba a same shi ba. Daga ranar Kaka ta ajiye mazari. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta yi birgima ba, ta dai zauna a bakin ƙofa tana kallon zaure. A kawo abinci ta ce in ci, ita ta ƙoshi. Garka ta bushe, awaki suka gama da abin da ya rage. Tari ya zo ya same ta a haka, ba ta kuwa daɗe ba. Ranar da ta rasu aka kwashe mu yara aka kai mu maƙwabta, aka ba mu gyaɗa. Da na dawo an share ɗakin, an naɗe tabarmar an jingine. Na buɗe baki zan yi kuka, Gwaggo Delu, yayar Baba, ta dafa kaina ta ce, "A'a, ba a yi wa mamaci kuka, wuta ce kike zuba mata. Yi haƙuri." Sai na haɗiye. Kowa ya shigo ya ce in yi haƙuri, ni kuwa ban san inda ake samo shi ba.

A zaman makokin ne, ina raba wa mata ruwa a moɗa, na ji wata tana ce wa ƴar uwarta, "Ai ba tarin ba ne, baƙin ciki ne ya kashe ta." Ɗayar ta ce, "Ƙwarai, tun da yaron nan ya tafi ya shige ta." Na tsaya da moɗa a hannu. Ashe abin da ya ɗauke Kaka yana da suna. Baƙi na san shi, shi ne launin gindin tukunya. Ciki ma na san shi, ga nawa nan. Na haɗa su, na ajiye a raina.

Aka mai da ni ɗakin Inna. Ba ta taɓa cuta mini ba, Allah ya sani, amma ba ta kallon idona, in za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa ta ce, "A ɗauka." Wani abu ya zo ya zauna mini a nan ƙasan ƙirji, mai nauyi kamar dutsen niƙa. In na ga mazarin Kaka a saƙale a jikin azara sai ya motsa. In na ji masu zarto daga nesa sai ya taso mini har wuya. Na ce wa Inna cikina na ciwo, don shi ne kawai sunan da nake da shi. Aka ba ni jiƙo, na sha, abin bai ko gusa ba.

Sai Layya ta zo. Kun san yadda ake yi a Yamai: a feɗe raguna, a baje su a kan sanduna a gicciye, a jera su a bakin titi kewaye da wuta, unguwa duk ta ɗauki ƙamshi. Mu yara muna tsaye a kan mahauci yana feɗe ragon wani maƙwabcinmu, muna jiran a ba mu mafitsara mu hura. Da ya farka cikin sai ya ja da baya ya yi tsaki. Ya ɗago hantar, ga ta baƙa ƙirin, duk ta yi ƙuraje. Ya ce, "Kai, wannan cikinsa ya yi baƙi, da ba a yanka shi ba ma da kansa zai mutu." Ya wurga ta bayan katanga. Rago ne ƙato, fari sol, jiya-jiya yana tunkuyin mutane. Wato haka abin yake, daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya ƙone.

Da yammar ranar Gwaggo Delu ta zo barka da Sallah, ta same ni a rakuɓe ban taɓa naman da aka ba ni ba. Ta ɗaga haɓata ta duba, ta juya wajen Inna ta ce, "Wannan ɗiya ba tsutsa ke damunta ba. Baƙin ciki ne, irin na tsohuwa. Ku sa mata ido." Ta faɗa ne kamar mai cewa za a yi ruwa gobe, ta ci gaba da cin goronta. Ni kuwa an gama yanke mini hukunci.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Na zauna na yi tunani irin na mai hankali. Na sha jin ana cewa wance tana farin ciki, an yi mata haihuwa ko mijinta ya dawo daga tafiya, kuma ban taɓa jin farin ciki ya kashe kowa ba. To ashe cikin mutum yana iya zama fari. Abin da ya rage shi ne in san yadda zan mai da nawa. Na daina cin duk abin da ke da duhu: miyar kuka, daddawa, tuwon dawa, naman Sallah da ya sha wuta. Nono nake sha, da farar shinkafa in an dafa, gaya ba miya. Na binciko ragowar allin kaɗin Kaka na cinye. Na je bakin dangar lakwal na unguwarmu, inda na saba leƙen yara suna jere suna rera abin da ban gane ba, na ba wata yarinya ɗiyar lakata mafi kyau ta ba ni guntun allin rubutu, shi ma na tauna. Kullum da safe in buɗe baki a kan ruwan tulu in leƙa ko zan hango haske a can ƙasa. Dutsen yana nan. Ranar Asabar ɗin nan da na ga rigar Baba, wadda ta sha jini da toka da maiƙo, ta shiga daro da dauɗa tana fitowa fari tas, sai na ce alhamdu lillahi, ga maganin a gidanmu ashe.

Abin da ya biyo bayan ƙarar Inna, rabinsa ba ni labari aka yi. Gambi ce ta fara isowa, ta ɗura mini madara, na yi ta amai. Aka ruga Katako aka kira Baba, ya saɓa ni a kafaɗa da garin katako a gashinsa har gidan likita. Mutumin da ya duba ni ya ce Allah ya taimaka ruwan wanki ne, an riga an surka shi, da daga kwalba na sha da wani zance ake yi. Ya yi wa Inna faɗa tas a gaban mutane a kan sakaci. Aka dawo da ni gida da maƙogwaro a ɗaye, muryata kamar ta ƙwaro.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Baba ya ce ƙishirwa ce da wauta. Gwaggo Delu ta ce mutanen ruwa ne da suka ɗauki Ilu suke kiran jininsa, a nemo mai magani. Aka karɓo rubutu wajen malam, da na ga baƙi ne na datse haƙora, aka danne ni aka ɗura. An tambayi malam, an tambayi likita, an tambayi tsofaffin unguwa, ni kaɗai ce ba a tambaya ba. Ina kwance ina kallon inda aka ɗaga kwalbar zabel can saman katanga, ina auna ko turmi zai kai ni in na hau. A raina na ce wancan bai yi aiki ba ne don an surka shi.

Gambi tana sayar da kopto a ƙofar gida, ganyen zogale da ƙuli-ƙuli. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, mu kuwa mu yi ta yi mata dariya a ɓoye. Wata rana da hantsi ta shigo da ɗan kwano, ta dama mini kunun tsamiya mai laushi saboda wuyana. Na leƙa na ga ya yi duhu, na kau da kai.

"Kai, Habsu, mi ya sa ba ka sha? Ni na dama, ba uwarka ba, babu magani ciki."

Na ce da ƴar muryata, "Baƙi ne."

"To in baƙi ne fa? Ni ma baƙi ne, ka ƙi ni?"

"Zai ƙara mini. Cikina ya riga ya yi baƙi, irin na Kaka. Gwaggo ta faɗa. Shi nake wankewa."

Ta ajiye kwanon a hankali. Ta dube ni, ta dubi katangar da kwalbar take, ta sake dubana. Sai ta buga ƙirji da tafin hannu har na ji ƙarar, ta yi salati da Zabarmanci, ta ƙwala wa Inna kira: "Uwar Habsu! Fito ka ji abin da Hausarku ya yi!"

Inna ta fito da muciya a hannu. Gambi ta mayar mata da maganata kalma kalma. Na ga fuskar uwata ta canza, ta jingina da bango, muciyar ta zame ta faɗi. Ita da aka haifa cikin Hausa ba ta taɓa jin "baƙi" da "ciki" a cikin baƙin ciki ba, kamar yadda mutum ba ya jin ƙamshin ɗakinsa. Gambi kuwa da girmanta ta koya, ta ji su sarai. Ta ce, "Ni ma farkon zuwana kasuwa, wata mace ya ce mini yana farin ciki, na duba cikinsa, na ga baƙi ne kamar nawa, na ce wannan maƙaryaci ne. Amma ni babba ne, na yi tambaya. Wannan wa zai tambaya? Tsohuwa ya tafi, kai kuma kana kunya." Ta juyo gare ni ta ce, "Mu a wurinmu zuciya ne ke lalacewa, ba ciki ba. Ka ga ko mu da ku ba mu shirya inda abin yake ba. Babu abin da ya ƙone cikinka. Magana ne kawai." Sannan ta ce wa Inna, "Abin da ke gare shi mu faaji muke ce masa. Ku ba ku da sunansa ne? In kuna da shi ka ba shi, ɗanka ne. Kunyan nan ya kusa kai shi kabari."

Ban taɓa jin an yi wa Inna magana haka ba, na ɗauka za ta shige ɗaki. Sai ta zo ta zauna a bakin tabarmata, ta ba ni gefe, fuskarta na kallon bango. Da ta buɗe baki, da Gambi take magana, ko da bangon, ban sani ba.

"A gaya wa mai ciwon wuya, sunansa kewa. In wanda ka saba da shi ya tafi, wurin da yake zama a ranka ya zama fili, shi ne ke nauyi. A gaya mata ni ma ina da ita. Har yau in na zo awon tsaba sai na zuba da rabon tsohuwa, sai na tuna in kwashe."

Na ce, "Tana kisa?"

"Ba ta kisa."

"To Kaka fa?"

Ta ce, "Tsohuwa ta ƙi ci, ta kuma ƙi faɗa wa kowa, ga tsufa ga tari. Mai kewa in tana ci tana faɗa, tare suke girma da abarta, har ta zo ta yi mata sauƙin ɗauka." Sai ta miƙo hannu ta baya, ba ta waiwayo ba, ta kama ƙafata ta riƙe.

Kukan da Gwaggo ta hana ni ranar rasuwa, ranar na yi shi, da ɗayayyen maƙogwaro, har maƙwabta suka leƙo. Gambi ta tsaya a ƙofa ta kore su, ta ce a bar shi ya yi, ba wuta ba ne, ruwa ne. Kafaɗun Inna ma suna rawa, ko da yake bangon kaɗai ya ga fuskarta. Da na gaji na ɗauki kwanon kunun, ya riga ya huce, na shanye shi tas. Daga ranar in abin ya taso sai in je in tsaya kusa da turmi in ce, "Kewa ta zo." Inna ta ce wa taɓarya, "A zauna nan har ta wuce." In zauna. Ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah, ban kuma nema ba.

Yanzu Yamai ta zama wata duniya. Inda garkar Kaka take an yi gini, motocin faba-faba da babura sun cika hanyar da muke bi da tulu. Ƴaƴan yanzu uwa ta kira ɗan fari da sunansa tun daga bakin titi, ta rungume shi a gaban surukai, ni har yau sai na kau da ido. Ina da tattaɓa-kunne mai zuwa jardan, makarantar ƙananan yara, an koya musu fuskoki a jikin allo, wannan na dariya, wannan na fushi, kowace da sunanta na Faransanci. Kwanan baya uwarta ta tafi aiki Doso, yarinyar ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Kaka, na yi tiris." Na ce mene ne tiris? Ta ɗauko salular babanta ta nuna mini wata ƙwallo rawaya mai hawaye ɗaya. Na yi mamaki, na kuma ji daɗi, ƴar wannan tsawon ta san abin da ke damunta har tana da hotonsa. Babanta ya ce kada ta damu, ya kunna mata wasa a salular ya fita. Ni na karɓe na kife, na jawo ta jikina na ce, a gidan nan kewa muke ce mata, zauna nan har ta wuce. Ta zauna, tana wasa da zoben hannuna.

Su an ba su sunaye da yawa tun da wuri, ina kuwa taya su murna. Ni guda ɗaya aka ba ni, daga bakin matar da ke kallon bango tana riƙe da ƙafata. Ita nake kewa yanzu.